Gyara Kayanka Ko Sauke Mu Raba? Masana, Masana'antu Da Gyaran Tattalin Arzikin Nijar

Bara, a darasin fassara, malaminmu ya rubuta kalmomi biyu na Faransanci a allo, ajustement structurel, ya ce kowa ya kawo Hausarsu mako mai zuwa. Na ɗauka aikin minti goma ne. Ƙamus ya ba ni "gyara" da "daidaitawa". A rediyo kuma na saba jin "tsuke bakin aljihu". Babu wadda ta kwanta mini, sai na buga ma kakata waya a Maraɗi. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, sana'arta man gujiya da ƙuli-ƙuli, amma marigayi mijinta yana cikin waɗanda suka rasa aiki da aka rufe wani kamfanin gwamnati a ƙarshen shekarun 1980. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta yi dariya ta ce: "Maigida, wanga gyara ai mun gane shi da idonmu. Cewa anka yi gyara kayanka, ashe sauke mu raba na."

Maganar ta hana ni sakat. Wa ya ce a gyara? Da wace hujja? Kayan namu da gaske sun karkace, ko ƙarya aka yi musu? Neman amsa ya kai ni ga littattafan da ba na fanninmu ba, wato binciken da masana tattalin arziki suka yi kan kafa masana'antu da sauya tsari a ƙasashe masu tasowa da kuma ƙasashen da suka baro gurguzu. Abin da na tarar shi ne cikin shekara saba'in masanan sun sauya magana sau uku, kuma kowane sauyi ya bar tabo a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Ƴan uwa ɗalibai, ga tarihin yadda na fahimce shi.

MAGANA TA FARKO: KU GINA MASANA'ANTU

A 1950 masana biyu, Raúl Prebisch ɗan Ajantina da Hans Singer na Majalisar Ɗinkin Duniya, kowa ta hanyarsa, suka kai ga abu guda: in aka duba tsawon zamani, farashin ɗanyun kaya irin su gujiya da auduga da fatu yana ja da baya in an gwada shi da na kayan da aka ƙera. Buhu goma da ke sayo maka keke bana, wata rana sai ka kawo goma sha biyar. Maganin da aka tsamo daga nan shi ne ƙasa ta ƙera abin da take sayowa daga waje, ta tsawwala kuɗin duwan a kan kayan baƙi har jaririyar masana'antarta ta yi ƙwari.

A 1954 Arthur Lewis, baƙar fata daga tsibirin Saint Lucia, ya ƙara da cewa ƙauyukan ƙasashe matalauta cike suke da hannayen da aikin gona bai ishe su ba, masana'antu su ne za su kwashe su. Sai dai akwai gargaɗin da ya yi wanda ba a cika tunawa da shi ba. A rahoton da ya rubuta ma Gana a 1953, tun tana hannun Ingila, ya ce a fara da bunƙasa noman abinci, don manomin da bai da rara ba zai sayi abin da masana'anta ta ƙera ba.

Da wannan tunanin Nijar ta karɓi ƴancinta a 1960. Gwamnatin Diori Hamani ta kafa bankin raya ƙasa, BDRN, a 1961. A 1962 aka kafa SONARA, aka danƙa mata cinikin gujiya zuwa waje, aka kafa COPRO-Niger don kayan masarufi, da UNCC don ƙungiyoyin manoma. Cikin shekarun 1960 ne siminti ya fara fitowa daga Malbaza, aka buɗe masaƙa a Yamai, wadda daga baya ta zama SONITEXTIL, aka kafa SOTRAMIL a Damagaram don sarrafa hatsi. Ga matatun man gujiya a Maraɗi da Matamai da Magariya, ga majemar fatu ta SONITAN a Maraɗi. A lokacin gujiya ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasar ke samu daga waje, wato a kan gonakin kudu aka ɗora ginin gaba ɗaya.

Ginin bai jima ba ƙasan ta zabtare. Fari ya kama daga 1968 har ya kai maƙura a 1973 da 1974. Seyni Kountché ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilu 1974. A 1975 cuta ta faɗa ma gujiya ta cinye amfanin shekara. Manoma suka koma ga hatsi da wake, don ciki ke gaba da aljihu. Injinan matse mai suka tsaya suna jiran gujiyar da ba ta zuwa. Gargaɗin Lewis ya tabbata a ƙasar da ba don ita aka rubuta shi ba.

KUƊIN YURANIYOM DA BASHI

Abin da ya rufe ramin shi ne yuraniyom. SOMAÏR ta fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK a Akouta a 1978, daidai lokacin da farashin laba guda ya haura dalar Amurka 40 a kasuwar duniya. Kuɗi suka shigo kamar ba za su ƙare ba. Aka sauke ma talakawa harajin kai, aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka gina tashar wuta ta gawayi a Anou Araren, Yamai ta sami otal ɗin Gaweye da Palais des Congrès. Aka kuma ci bashi, da zaton gobe za ta fi yau.

A Maris 1979 aka yi haɗari a tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, ƙasashe da dama suka ja baya daga gina sababbin tashoshi. Farashin yuraniyom ya shiga gangara, kafin farkon shekarun 1990 ya sauka ƙasa da dala 10. A daidai wannan tsakanin babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa har kusan kashi 20 cikin 100 don yaƙi da tsadar kaya a gida, nauyin bashi ya ƙaru a kan duk wanda ya ranta. A Agusta 1982 Meziko ta ce ba ta iya biya. Nijar ta je ƙofar FMI a 1983, a 1986 kuma ta sa hannu da Bankin Duniya kan rancen farko na sauya tsari. Waɗanda ta tarar a bayan ƙofar sun riga sun karanta wasu littattafai dabam.

MAGANA TA BIYU: GWAMNATI TA JANYE HANNU

Tun 1970 masana uku, Little da Scitovsky da Scott, suka binciki ƙasashe bakwai, ciki har da Indiya da Burazil da Pakistan, suka nuna masana'antun da aka killace da duwan suna tsufa ba su girma ba: kayansu da tsada, ingancinsu kaɗan, manomi ke biyan kuɗin killacewar. A 1974 Anne Krueger ta auna dukiyar da ke tafiya wajen farautar lasisin shigo da kaya a Indiya da Turkiyya, ta nuna in takardar ofis ta fi aiki riba, masu wayo za su bar aiki su bi takarda. A 1981 Robert Bates ya nuna yadda hukumomin sayen amfanin gona a Afirka ke sayen kayan manomi da araha, su sayar da tsada a waje, bambancin ya tafi birni.

A wannan shekarar ce Bankin Duniya ya fitar da rahoton da aka fi sani da sunan jagoransa, Elliot Berg. Shekara guda kafin nan, a Afrilu 1980, shugabannin Afirka sun amince da Shirin Legas, wanda ya ɗora laifi kan tsarin kasuwar duniya, ya nemi dogaro da kai da cinikayya tsakanin ƙasashen nahiyar. Rahoton Berg ya maida yatsa gida: ku karya darajar kuɗinku, ku saki farashi, ku buɗe iyaka, ku sayar da kamfanonin gwamnati ko ku rufe su. Takardu biyu aka ajiye a gaban Afirka, amma ɗaya ce kawai ke tafe da jakar kuɗi. A 1982 Krueger ta zama babbar masaniyar tattalin arziki ta Bankin Duniya. A 1989 John Williamson ya tattara shawarwarin cikin batutuwa goma, aka laƙaba musu sunan matsayar Washinton.

A nan dole mu faɗi abin da ba mu son ji a taron ɗalibai. Kayanmu sun karkace da gaske. Manomin gujiya bai taɓa ganin cikakken kuɗin guminsa ba, shi ya sa buhunan ke bin dare su tsallaka iyaka duk lokacin da farashin can ya fi. Kamfanonin gwamnati da yawa asara suke yi, baitulmali na cike giɓin. BDRN kuwa basussukan da aka ba manya ba su biya ba su suka durƙusar da shi. Wanda ya ce gyara kayanka a 1983 bai yi ƙarya ba. Rigimar tana kan irin gyaran da aka yi, da wanda aka sa ya biya.

YADDA GYARAN YA SAUKA A KANMU

Gyaran ya zo a mummunan lokaci. A 1984 aka sake fari, kuma a Afrilun wannan shekarar Janar Buhari ya rufe iyakokin Najeriya har zuwa 1986, shi ya sa iyayenmu ke kiran yunwar El Buhari. Da aka buɗe iyaka, gwamnatin Babangida ta shiga nata shirin gyaran, naira ta faɗi daga Satumba 1986. Sefa kuwa tana ɗaure da faran na Faransa ba ta motsi. Atamfa, sabulu, robobi, man fetur, komi na Kano ya zama araha a kasuwar Maraɗi. Ƙasashe biyu maƙwabta an ba su magani iri ɗaya kowa a ɗakinsa, maganin ɗaya ya zama cutar ɗayan. Masaƙar Yamai da ƴan masana'antun Maraɗi ba su da hanyar yin gasa da wannan.

Aka rusa UNCC a 1984, aka cire ma SONARA da COPRO-Niger ikon da suke da shi su kaɗai, kafin shekarun 1980 su ƙare SONARA ta zama tarihi. A 1990 aka rufe BDRN. Lissafin masu shirin shi ne da gwamnati ta janye, ƴan kasuwa za su cike gurbin. Emmanuel Grégoire, wanda ya fitar da littafi kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna inda dukiyarsu ta fi zuwa: fatauci, sufuri, gidaje, da tsallakar da kaya zuwa Najeriya. Ba wauta ba ce. Wa zai binne kuɗinsa cikin injin da sai bayan shekara goma zai maida uwa, ga wuta da tsada, ga tashar ruwa ta Kwatano fiye da kilomita 1,000 daga Yamai, alhali mota guda ta atamfa ko taba tana juya kuɗi cikin mako biyu? Gurbin ya tsaya babu kowa. Waɗanda suka ci gaba da matse gujiya su ne irin su kakata, da turmi da kasko.

Sai gyaran ya iso makaranta. Nan ma bincike ne ya share hanya. George Psacharopoulos ya shafe shekaru yana tattara lissafin ribar da al'umma ke samu daga kowane mataki na karatu, kuma a teburansa ribar firamare a Afirka ta kusa ninka ta jami'a. A 1988 Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan ilimi a Afirka a kan wannan turbar: a karkata kuɗi zuwa firamare, a rage abin da ake kashe ma ɗalibin jami'a. A Nijar tunanin ya shigo cikin shirin da ake kira Éducation III, wanda ɗalibai suka gani a matsayin yankan burs da toshe ƙofar aikin gwamnati. Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito daga jami'a za su tsallaka gadar Kennedy. Jami'an tsaro suka buɗe wuta. Uku suka mutu. Sunayensu ba sai na faɗa muku ba, kowace shekara muna kiransu.

Ba lissafin masani ne ya harba bindiga ba, gwamnatin Ali Saibou ce ke da alhakin wannan. Amma lissafin ne ya tsara abin da aka fito ƙi. Jinin ya buɗe hanyar Babban Taron Ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, inda aka yi fatali da shirin gyaran. Fatalin bai cika baitulmali ba, albashi ya riƙa makara wata da watanni. A Janairu 1994, a Dakar, aka karya darajar sefa da rabi: faran guda na Faransa da ke dala goma ya koma dala ashirin. Masu fitar da dabbobi da albasar Galmi sun ɗan ji daɗi. Mai sayen magani, littafi ko kayan gyaran inji ya wayi gari kuɗinsa sun rabe biyu. Daga 1996 aka shiga sayar da abin da ya rage: masaƙa, siminti, madara, sannan a 2001 kamfanin waya da rarraba ruwan sha.

ABIN DA AKA GANO A WASU WURARE

Lokacin da ake wannan a wurinmu, wasu masana suna can gabashin Asiya suna tambaya guda: Koriya ta Kudu da Taiwan, da ake kafa mana misali da su a matsayin ƴaƴan kasuwa, da gaske hanyar da aka ce mu bi suka bi? Alice Amsden a 1989 kan Koriya, da Robert Wade a 1990 kan Taiwan, suka amsa da a'a. Gwamnatocin can sun killace masana'antunsu, sun ba da bashi mai rahusa, sun zaɓi fannin da za a tura ma kuɗi. A ƙarshen shekarun 1960 Bankin Duniya ya ga bai dace Koriya ta gina masana'antar ƙarfe ba. Ta gina da kuɗin Japan, POSCO ta fara aiki a 1973, ta zama ɗaya daga cikin manyan duniya.

To mi ya raba su da mu, tunda mu ma mun killace, mun ba da bashi? Amsar Amsden ita ce ta fi tsaya mini a rai. A Koriya tallafi da sharaɗi yake zuwa. An ba ka bashi, an tsare maka kasuwar gida, amma sai ka sayar da kaza a kasuwar waje, inda babu kawunka. Ka kasa, a janye a ba wani. A wurinmu an ba da tallafin, ba a nemi komi ba. Masu matsayar Washinton da suka ga haka suka ce a cire tallafin. Koriya ta nuna akwai hanya ta uku, a bar tallafin a ɗaura masa sharaɗi. Kada dai mu ruɗi kanmu: Koriya tana da teku, ta raba gonaki ga manoma tun farko, ta sha taimakon Amurka saboda yaƙin cacar baki, kuma a ƙarƙashin Park Chung-hee ma'aikata da ɗalibai sun sha duka. A 1993, bisa matsin Japan, Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan gabashin Asiya, ya yarda, da ɗari-ɗari, cewa sa hannun gwamnati ya yi aiki a wasu wuraren.

Gwaji na biyu ya fito daga ƙasashen da suka baro gurguzu, inda aka kai irin shawarar da aka kawo mana, har ma da ƙarin gaggawa. Folan ta saki farashi a tashi guda ranar 1 ga Janairu 1990, da shirin Balcerowicz da shawarar Jeffrey Sachs. Ta sha wuya shekara biyu, a 1992 ta fara farfaɗowa. Rasha ta yi haka a Janairu 1992. Cikin wannan shekarar kawai farashi ya ninka fiye da sau ashirin, kafin ƙarshen shekarun 1990 abin da ƙasar ke samarwa ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A 1995 kuma aka miƙa manyan kamfanonin mai da ma'adinai ga ƴan tsirarun attajirai a madadin bashin da suka ba gwamnati. In ana neman sauke mu raba a fili, ga shi nan.

Sin ta bi wata hanyar daga 1978. Ba ta rushe tsohon tsari a dare ɗaya ba. Manomi ya kai ma gwamnati kason da aka yanka masa a farashinta, abin da ya rage ya sayar a kasuwa yadda ya ga dama. Aka bar ƙauyuka da ƙananan garuruwa su kafa masana'antunsu. Aka ware wurare kamar Shenzhen a 1980 don gwada jarin waje kafin a faɗaɗa. Ta karya kusan duk ƙa'idar littafin, ta fi kowa ci gaba. Ku lura kuma daga gona ta fara, yadda Lewis ya faɗa ma Gana.

MAGANA TA UKU: ABIN YA DANGANTA

Ƙorafi ya daɗe da farawa. A 1987 UNICEF ta fitar da binciken Cornia da Jolly da Stewart kan abin da gyaran ke yi ma lafiyar yara da karatunsu. A 1989 hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin Adebayo Adedeji, ta kawo nata tsarin a madadin na Bankin. Thandika Mkandawire ɗan Malawi, wanda ya jagoranci CODESRIA a Dakar daga 1986 zuwa 1996, ya koma ga alƙaluman shekarun 1960 da 1970 ya nuna ƙasashen Afirka da dama sun yi ci gaba mai kyau a lokacin, don haka labarin cewa gwamnatin Afirka ba ta taɓa iya komi ba ƙari ne. Ba a saurare su sosai ba sai da na cikin gida suka fara magana.

A 1996 Paul Bennell ya bi diddigin lissafin ribar karatu a Afirka ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da yawa an gina su kan alƙaluma tsofaffi ko marasa ƙwari. A 2000 wani kwamiti na Bankin Duniya da UNESCO ya ce sakaci da jami'o'i kuskure ne, ƙasa ba ta tashi sai da su. Shekara goma ke nan cif bayan gadar Kennedy. A 1999 Joseph Stiglitz, yana babban masanin tattalin arziki na Bankin, ya gwada Rasha da Sin ya ce gaggawar sayar da kamfanoni ba tare da doka da hukumomin da za su tsare ta ba ɓarna ce. A 2005 Bankin ya fitar da rahoto kan darussan shekarun 1990, ya yarda babu magani guda da ke yi ma kowace ƙasa. A 2016 masana uku na FMI suka rubuta a mujallar asusun cewa an zuzuta amfanin tsuke bakin aljihu da sakin zirga-zirgar jari fiye da kima.

Wannan abin yabo ne ga ilimi, haka ya kamata ya yi, ya duba kansa ya gyara. Sai dai masani yana gyara kuskurensa da maƙala ta gaba. Injin da ya yi tsatsa, da makanikin da ya koma kabu-kabu da iliminsa a kai, da ɗalibi ukun nan, babu maƙalar da ke maido su. Kuma duniya ba ta tsaya jiranmu ba. Dani Rodrik ya nuna a 2016 cewa ƙasashen Afirka da Latin Amurka suna rasa masana'antu tun ba su yi arziki ba, saboda injina sun rage buƙatar hannu, kayan Asiya kuma sun cika kasuwa. A Nijar abin da masana'antu ke bayarwa bai kai kashi 10 cikin 100 na arzikin ƙasa ba, kuma mafi yawansa daga ƙananan masu sana'a ne. Matatar SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a Nuwamba 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, ta sake ɗaga tsohuwar tambayar: kuɗin ƙarƙashin ƙasa za su gina abin da zai rayu bayansu, ko za a maimaita labarin yuraniyom? COMINAK dai ta rufe a Maris 2021.

KOMAWA GA KALMA

Bari in dawo fannina. Da na karanta takardun wancan zamanin da idon ɗalibin harshe, abin da na lura shi ne yawan sunaye da ƙarancin aikatau: ajustement, assainissement, restructuration. Suna ba ya buƙatar mai aikatawa. Ba ya faɗin wa ya yi, wa aka yi ma. Kora daga aiki ta zama départ volontaire, tafiya don ganin dama. Hausa ma tana da nata mayafin, wato "an": an rufe, an sayar, an rage. Amma tana da wani abin da ke tona asiri. Muna bambanta "an gyara" da "ya gyaru". Na farko yana faɗin an yi aikin, na biyu yana faɗin aikin ya ci. Sharuɗɗan rance na wancan lokacin kusan duk "an gyara" suke aunawa: an saki farashi, an rufe banki, an sayar da kamfani, sai a saki kashi na gaba na kuɗin. Ko ya gyaru, wannan sai bayan shekaru masu bincike suka zo suna tambaya. Kakata da ba ta karanta rahoto ko ɗaya ba tun ranar ta san amsa, amma ba da harshenta aka yi muhawarar ba, babu kuma wanda ya zo da takardar tambayoyi ƙofar gidanta.

Ban ce mu ƙi binciken baƙi ba. Bates ya faɗi gaskiya kan manomin gujiya, Amsden ta ba mu ma'aunin da za mu auna duk wanda ya zo neman tallafin gwamnati da sunan kishin ƙasa. Yau da kalmar ƴancin kai da sarrafa kayanmu a gida ke bakin kowa, ma'aunin ya fi amfani: an ba ka, mi ka kawo, kuma in ka kasa wa zai karɓe? Duk shawarar da ta zo, daga Washinton take ko Bejin ko Yamai, mu tambaye ta inda aka auna ta, da wanda zai biya in ta kuskure, sannan mu gwada faɗinta da Hausa ko Zabarmanci a gaban wanda zai biyan. In ta kasa faɗuwa, akwai abin da take ɓoyewa.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin masu alƙaluma amma bai fi namu ba. Waɗanda suka yi aiki a masaƙa, da matatun mai, da majema, da ma'aunin gujiya, suna nan cikin unguwanninmu, sun tsufa, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya. Ina ba ƙungiyarmu shawara a hutun nan kowa ya zauna da mutum guda, ya tambaye shi yadda aikin yake, abin da ya lalace tun kafin baƙi su zo, da abin da ya faru ranar da aka rufe ƙofa. Mu rubuta da bakinsu, mu buga a fitowa ta gaba.

Game da aikin fassarar kuwa, na rubuta ma malam "sauya tsarin tattalin arziki bisa sharaɗin masu ba da bashi", na sa maganar kakata a ƙasa. Ya ja layi ƙarƙashin tawa ya ce ta yi tsawo. Ta kakata bai taɓa ta ba.